HUGO GERNSBACK: MUTUMIN DA YA YI WA LABARAN KIMIYYA GIDA

Akwai wani irin ƙagaggen labari da Turawa ke so ƙwarai, wanda ba aljani a cikinsa, ba tsafi, sai dai injuna da jiragen da ke zuwa taurari, da irin zaman da mutane za su yi nan gaba. Tun dā akwai masu rubuta shi, kamar su Jules Verne na Faransa da H. G. Wells na Ingila, amma a warwatse yake, ba shi da suna, ba shi da mazauni. Wanda ya fara tattara shi wuri guda shi ne Hugo Gernsback.

An haife shi ran 16 ga Agusta, 1884, a Luksamburg, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Tun yana yaro ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar lantarki, saboda haka ya tafi Bingen, a Jamus, ya koyi aikin. Cikin 1904 ya ƙaura zuwa Amurka, ya zauna a New York, ya kafa kamfanin sayar da kayan wayar iska. A lokacin nan abin sabo ne, masu saye da yawa ba su san yadda ake harhaɗa kayan ba. Da ya ga haka, sai ya fara buga wata mujalla mai suna Modern Electrics cikin 1908, don ya koya musu.

A cikin mujallan nan ne ya shiga buga wani dogon labari nasa kashi-kashi cikin 1911, mai suna Ralph 124C 41+, wanda ke bayanin yadda duniya za ta kasance a shekarar 2660. Masana sun yarda labarin ba shi da armashi sosai, gama mutanen cikinsa kamar gumaka suke. Amma fa ya kwatanta wayar da za ka ga fuskar wanda ka ke magana da shi, da kuma wata na'ura mai gano abu daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo ta buge shi ta komo. Watau abin da aka zo aka kira rada ke nan, alhali kuwa ba a ƙera ta ba sai bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Da ya lura masu karatu suna ɗokin irin labaran nan, sai cikin watan Afrilu, 1926, ya fito da Amazing Stories, mujalla ta farko a duniya da ba ta buga kome sai su. Da fari ba shi da marubuta, don haka ya cika ta da tsofaffin labaran Verne da Wells da Edgar Allan Poe. Wani mai zane, Frank R. Paul, shi ya riƙa ƙawata bangonta da launi mai ɗaukar ido. Kafin a jima sababbin marubuta suka ɓullo. A fitowar Agusta, 1928, aka fara jin labarin jarumin da daga baya ya shahara da sunan Buck Rogers.

Nufin Gernsback shi ne a koyar da kimiyya cikin nishaɗi, kamar yadda a kan sa magani mai ɗaci cikin zuma. A ganinsa, yaron da ya karanta labarin tafiya zuwa wata, gobe shi zai nemi sanin lissafin da zai kai shi can. Ya kuma yi wata dabara wadda ta fi kome amfani: yakan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Nan da nan samari suka shiga rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, har suka yi babban taronsu na farko a New York cikin 1939. Daga cikin irin samarin nan ne aka sami manyan marubutan baya.

To, amma kowane gauta da nasa ɗaci. Gernsback ya yi ƙaurin suna wajen ƙwarar marubuta. Ladansa kaɗan ne, kuma sai an sha jira kafin a same shi. H. P. Lovecraft, wanda ya ba shi ɗaya daga cikin mafi kyawun labaransa cikin 1927, dala 25 kacal aka biya shi, bai kuwa sāke aika masa da kome ba. Cikin 1929 masu bin sa bashi suka kai ƙara, aka karya kamfaninsa, Amazing Stories ta fita daga hannunsa. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, cikin shekaran nan ya kafa wasu sababbi biyu, waɗanda ya gama su suka zama Wonder Stories cikin 1930. Sai dai a shekarar ne wata kishiya mai suna Astounding Stories ta fito, tana biya da kyau kuma a kan kari. Gwanayen marubuta suka karkata can. Cikin 1936 ya sayar da tasa, ya mai da hankali ga mujallun rediyo. Ya sāke gwadawa cikin 1953, amma bayan fitowa bakwai abin ya tsaya, don zamani ya riga ya wuce shi: masu karatu sun koma son labarin da ke da mutane masu rai, ba bayanin injuna kaɗai ba.

Duk da haka ba a manta da shi ba. Babbar lambar yabon da a ke ba marubutan wannan fanni, wadda aka fara bayarwa cikin 1953, sunansa ta ci, Hugo a ke ce da ita. Shi kansa an ba shi ta musamman cikin 1960. Ya rasu a New York ran 19 ga Agusta, 1967, yana da shekara 83, saura shekara biyu ɗan Adam ya taka wata. Yanzu akwai wani rami a kan watan da aka sa wa sunansa.

Wanda ya haƙa rijiya ya cancanci godiya ko da wasu ne suka fi shan ruwanta. Amma da ya riƙe haƙƙin waɗanda suka taya shi haƙa, da watakila ba a raba shi da ita ba.