Margaret Dayhoff, Mai Bin Salsalar Halittu

An haifi Margaret Dayhoff a birnin Filadelfiya na Amurka cikin 1925. Ta sami digirin digirgir a Jami'ar Kolumbiya cikin 1948. A zamaninta bayanan furotin a warwatse suke cikin mujallu. Cikin 1965 ta tattara guda 65 a littafi ɗaya, ta riƙa gwama su da kwamfuta domin gano waɗanda suka fito daga tsatso guda. Ta rasu cikin 1983 tana da shekara 57. A kan harsashin da ta kafa ne masana ke gano ƙwayoyin gado masu asali ɗaya a shinkafa da alkama, irin waɗanda ake nomawa a fadamar Haɗeja.