Luwi Paster, mutumin da ya samo rigakafin haukan kare

A watan Oktoba na shekara ta 1831, wani mahaukacin kyarkeci ya fito daga daji, ya ciji mutane da yawa a yankin Arbuwa, wani ƙaramin gari na gabashin ƙasar Faransa. A zamanin nan ba a san wani magani ba sai wuta. Aka kai waɗanda aka ciza wurin maƙeri, ya gasa ƙarfe har ya yi ja, ya ƙona musu wurin cizon. Duk da haka wasunsu suka mutu. Wani yaro ɗan shekara 8 ya ga abin da aka yi a maƙerar, bai kuwa manta ba har tsufansa. Sunan yaron Luwi Paster. Da faransanci ana rubuta shi Louis Pasteur.

Ɗan majemi

An haifi Paster a garin Dol, ranar 27 ga watan Disamba na 1822. Ubansa majemi ne, kuma tsohon soja. Yana ƙarami iyayensa suka koma Arbuwa, a can aka sa shi lakwal. Ba ya cikin waɗanda ke zuwa na ɗaya a aji. Abin da ya fi so shi ne zane. Amma yaro ne mai haƙuri da naci, ba ya amsa tambaya sai ya yi tunani. A 1843 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta birnin Pari, ya karanci kimiyya, ya zama malami.

Paster ya yi shekaru yana bincike da madubin ƙara girma. Ya nuna cewa akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, a cikin iska da ruwa da ƙura. Su ne ke sa madara ta yi tsami, su ne ke ɓata abinci. Ya gano cewa zafi yana kashe su. Ya kuma tabbata wasunsu ne ke shiga jikin mutum da na dabba su kawo cuta.

Rayuwarsa ba ta rasa baƙin ciki ba. Cikin ƴaƴa 5 da suka haifa da matarsa Mari, 3 sun rasu tun suna yara. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma da ya sami sauƙi sai ya koma aiki. Ya samo rigakafin wata annoba ta kaji. A 1881 kuma ya gwada rigakafin ciwon saifa a kan tumaki, a gaban makiyaya da likitoci. Tumakin da aka yi wa allura suka rayu, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu.

Cuta mai tafiya sannu

Daga nan sai ya tunkari haukan kare, tare da mataimakinsa likita Emil Ru. Ƙwayar wannan cuta ta cika ƙanƙanta, madubin zamanin bai iya nuna ta ba. Amma sun gane hanyarta. Tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Idan haƙori ya huda fata, sai ta shiga, ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A tsawon wannan lokaci mutum yana jin lafiya lau, mikin ma yana iya warkewa. Ranar da ta kai ƙwaƙwalwa, mutum ya fara firgita yana kasa haɗiye ruwa, to babu sauran magani.

Paster ya ga ashe tsere ne. In aka koya wa jiki yaƙi da cutar tun tana hanya, za a riga ta. Suka riƙa ɗaukar lakar bayan zomayen da cutar ta kashe, suna rataye ta cikin kwalba ta bushe. Yawan kwanakin da ta yi, yawan raunin da ƙwayar cutar ke yi. Suka yi allura da ita, suka gwada a kan karnuka da yawa, karnukan kuwa ba su kamu ba.

Jozef Mester

Ranar 6 ga watan Yuli na 1885, wata mata ta zo daga yankin Alzas da ɗanta Jozef Mester, ɗan shekara 9. Kwana 2 ke nan da kare ya kayar da shi, ya cije shi wuri 14, har yaron yana tafiya da ƙyar. Mai karen bai ɓuya ba, bai kuma yi gardama ba. Shi ma ya rako su har Pari. Tun 1804 dokar Faransa ta ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi.

Paster ya shiga damuwa. In ya ƙi, mai yiwuwa yaron ya mutu. In ya yarda, ba shi da tabbacin abin da allurar za ta yi masa. Ban da haka, shi masanin kimiyya ne, ba likita ba ne, doka ba ta ba shi izinin yi wa mutum allura ba. Sai ya kira likitoci biyu suka duba yaron, suka yarda a gwada. Ɗaya daga cikinsu, likita Garanshe, shi ne ya yi allurar da hannunsa. An yi wa Jozef allura 13, aka gama ranar 16 ga watan. Paster ya yi kwanaki ba ya barci sosai. Makonni suka wuce, yaron bai kamu ba.

A watan Oktoba aka kawo wani makiyayi ɗan shekara 15, Jan-Batis Jupil. Ya yi kokawa da mahaukacin kare don ya ceci ƙananan yaran da ke kiwo tare da shi. Shi ma ya tsira. Amma a watan Nuwamba aka kawo wata yarinya ƴar shekara 10, Luwiz Peltiye, kwana 37 bayan kare ya cije ta a ka. An yi mata allura, sai dai cutar ta riga ta yi nisa, ta rasu. Mutuwarta ta yi wa Paster ciwo ƙwarai. Ta kuma nuna wa kowa cewa jinkiri shi ne babban haɗari.

Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa Pari har daga Rasha da Amurka. Aka tara gudummawa aka gina babbar cibiyar bincike mai sunansa, aka buɗe ta a 1888. Da Jozef Mester ya girma, a nan ya yi aikin gadi. Paster ya rasu ranar 28 ga watan Satumba na 1895. Daga baya, ranar 28 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da haukan kare a duniya.

Abin da ya bari

Har yanzu cutar tana kashe dubban mutane kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Rigakafin yau ya fi na Paster tsabta, allurai kaɗan ne. Amma darasin bai sake ba: a riga cutar. Ga abin da ake yi in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi:

1. A wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, har minti 15. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko barkono, kada kuma a ƙona.
2. Yaro ya gaya wa iyayensa ko malaminsa, ko da mikin ƙarami ne, ko da shi ne ya tsokani karen.
3. A tafi gidan likita a ranar. A karɓi allurai duka, a ranakun da likita ya rubuta.
4. A nemi mai karen. A ɗaure karen, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.
5. A sanar da mai unguwa ko maigari da ma'aikatar kiwo. A adana takardar likita da takardun kuɗin magani. Mai kare ke da alhakin ɓarnar karensa. In ya ƙi ɗauka, iyaye su kai ƙara wurin hukuma.

Mai kare kuma ya kai karensa a yi masa rigakafi, kada ya bar shi yana yawo. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

Majemi: mai gyara fatu.
Laka: farar jijiya da ke cikin ƙashin baya, wadda ta haɗu da ƙwaƙwalwa.
Rigakafi: maganin da ke shirya jiki kafin cuta ta kama shi.
Alhaki: nauyin da doka ta ɗora wa mutum.

Tambayoyi

1. Me Paster ya gani a maƙera yana yaro?
2. Ta wace hanya cutar haukan kare ke kai wa ƙwaƙwalwa?
3. Don me ba Paster ne ya yi wa Jozef allura da hannunsa ba?
4. Me ya sa Jozef ya tsira, Luwiz kuwa ba ta tsira ba?
5. Kare ya ciji ƙanenka a hanyar lakwal. Faɗi abubuwa uku na farko da za ka yi.