Jigoro Kano, malamin da ya kai Japan wasannin Olamfik

Duk wanda ya ji sunan Jigoro Kano a Yakasai ko wata unguwa ta birnin Dabo zai iya zaton Bakano ne. Dacewar suna ce kawai. Mutumin ɗan Japan ne, shi ya ƙirƙiro kokawar judo, kuma shi ya buɗe wa 'yan wasan ƙasarsa ƙofar shiga wasannin Olamfik na lokacin zafi da na hunturu.

An haife shi a shekarar 1860 a garin Mikage da ke kusa da Kobe. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, daga nan iyalinsu suka koma Tokyo. Yaro ne ƙarami marar jiki, kuma manyan ɗalibai sun sha cin zalinsa a makaranta. Wannan ne ya sa a 1877 ya fara koyon jujutsu, tsohuwar dabarar faɗa ta mayaƙan Japan, a hannun wani malami mai suna Fukuda Hachinosuke.

Bayan ya kammala Jami'ar Tokyo a 1881, ya buɗe makarantar kokawa ta kansa mai suna Kodokan a 1882, a wani ɗaki na wurin ibadar Eishoji, da ɗalibai tara. Ya cire dabarun da ka iya kisa ko naƙasa daga cikin karawa, ya gina sabon wasan a kan tushe biyu: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin jama'a. A ganinsa wasa wani reshe ne na tarbiyya, kuma ya shafe fiye da shekara 20 yana shugabantar babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo.

A 1909, bisa neman Bafaranshen nan Pierre de Coubertin, Kano ya zama mutumin Asiya na farko a Kwamitin Olamfik na Duniya. A lokacin Japan ba ta da wata hukuma da za ta zaɓi 'yan wasa, don haka ya kafa ƙungiyar wasannin motsa jiki ta ƙasa a 1911, ya kuma shugabance ta.

Tawagar da ya jagoranta zuwa Stockholm a 1912 ta ƙunshi 'yan wasa biyu kacal: Mishima Yahiko mai gajeren gudu, da ɗalibinsa Kanakuri Shiso mai gudun yada ƙanin wani. Sun shafe fiye da mako biyu a hanya, akasari cikin jirgin ƙasa ta Saberiya, suka kuma koma gida hannu rabbana. Zafi ya kayar da Kanakuri a tsakiyar tsere, ya bar Sweden ba tare da ya sanar da masu shirya gasar ba. Sai a 1967 aka gayyato shi ya ƙarasa tseren, bayan shekara 54.

Kano ya ɗauki wannan kaye a matsayin darasi, kuma sannu ba ta hana zuwa. A Antwerp a 1920 Japan ta samu lambobinta na farko, azurfa biyu a wasan tanis. A Amsterdam a 1928 Oda Mikio ya ci zinariya a tsalle mai zango uku, Tsuruta Yoshiyuki ya ci a ninƙaya, yayin da Hitomi Kinue ta zama mace ta farko daga Japan da ta samu lamba, azurfa a gudun mita 800. A wannan shekarar ce kuma 'yan zamiyar ƙanƙara na Japan suka fara shiga wasannin hunturu a St. Moritz ta Switzaland.

Babban burin Kano shi ne a gudanar da wasannin a Asiya, domin a cewarsa gasar ba za ta amsa sunanta na ta duniya ba muddin tana zagayawa tsakanin Turai da Amurka kawai. A taron Berlin na 1936 Tokyo ta doke Helsinki da ƙuri'a 36 da 27, aka ba ta wasannin 1940. Daga baya aka ba birnin Sapporo na hunturu.

Sai dai a watan Yulin 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da China, aka fara kiraye-kirayen a ƙwace wasannin. A watan Maris na 1938 Kano, duk da tsufa, ya tafi taron kwamitin a Alƙahira, inda ya yi nasarar kare Tokyo da Sapporo. A hanyarsa ta komawa gida ya kamu da ciwon huhu, ya mutu cikin jirgin ruwan Hikawa Maru ranar 4 ga watan Mayun 1938, yana da shekara 77. Wata biyu bayan haka gwamnatin Japan, wadda sojoji suka yi wa kaka-gida, ta janye daga karɓar baƙuncin wasannin.

Burinsa ya cika bayan ransa. Tokyo ta karɓi wasannin 1964, inda aka sa judo a karo na farko, kuma Anton Geesink ɗan Holan ya lashe ajin da babu iyakar nauyi, abin da ya nuna cewa wasan ya zama na duniya. A can ne ma Nijeriya ta samu lambarta ta farko, tagullar da Nojim Maiyegun ya ci a damben boksin. Sapporo ta karɓi na hunturu a 1972, Nagano a 1998. A wasannin Tokyo da aka yi a 2021 Japan ta ci zinariya 27, tara daga cikinsu a judo.