Edsger Dijkstra, mutumin da ya koya wa kwamfuta bin layi

Mu 'yan sashen kwamfuta mun fi sanin Dijkstra da dabarar gano hanya mafi gajarta, wadda ya fitar a 1959. Ni dai a wurina aikinsa mafi nauyi yana wani wajen.

An haife shi a Rotterdam ta ƙasar Holan ranar 11 ga Mayu, 1930. Fizik ya karanta a Leiden, amma rubuta manhaja ya ja shi. Da ya zo aure a 1957, hukuma ta ƙi yarda a rubuta wannan a matsayin sana'arsa, wai babu sana'a irin wannan!

A 1962 ya zama farfesa a Eindhoven, nan ya tunkari matsalar ayyuka da yawa da ke gudana lokaci guda. Ka ɗauka akwai naira 10,000 a asusu, ayyuka biyu suka duba tare, kowanne ya ga kuɗin na nan, kowanne ya cire 8,000. An fitar da 16,000 ke nan, kuma ba wanda ya karya doka. Abin haushin, in ka gwada sau ɗari ba lallai ya faru ba, sai ranar da jama'a suka yi yawa, kamar ranar rufe rajista.

Maganinsa shi ne semafo, sunan da ya aro daga alamar layin dogo. Aiki zai nemi izini kafin ya taɓa abin da ake tarayya a kai, in wani na ciki ya jira, wanda ya gama ya saki. Matakan biyu ya kira su P da V.

To amma jiran ma da nasa haɗarin. A 1965 ya ba ɗalibansa tambayar da Tony Hoare ya mayar labarin masana falsafa biyar a teburi, cokula biyar, kowa sai da biyu zai ci taliya. Kowa ya ɗauki na hagunsa, shi ke nan an yi cirko-cirko, yunwa ta kashe su. Sabar da ta daskare ba tare da nuna kuskure ba, sau da yawa wannan ne ciwonta.

Ya karɓi kyautar Turing a 1972, ya koma jami'ar Texas a Austin a 1984. Rubuce-rubucensa masu lamba EWD sun haura 1,300, da yawansu da alƙalami ya rubuta su da hannu. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Nuenen ranar 6 ga Agusta, 2002.