Théodore Monod, Bafaranshen Da Ya Nema Wa Teku Hurumi

An haifi Théodore Monod a birnin Rouen na ƙasar Faransa ran 9 ga Afrilu, 1902. Ubansa malamin coci ne, shi kuwa tun yana yaro halittu suka ɗauke masa hankali. Yana ɗan shekara 20 aka aike shi Port-Étienne, garin da yanzu ake kira Nuwadibu a gaɓar Muritaniya, don ya binciki kifin wurin. A 1923 ya hau raƙumi ya bi ayari har Saint-Louis ta Senigal, to daga nan fa Sahara ta shiga ransa, ya yi ta keta ta har tsufansa. Bai shan giya, bai cin nama. Daga 1938 zuwa 1965 shi ne shugaban makarantar bincike ta IFAN a Dakar.

Amma abin da ya sa muka kawo tarihinsa yau wani yanki ne kudu da Nuwadibu, wanda ake kira Banc d'Arguin. Ruwan wurin ba shi da zurfi, har wani jirgin Faransa mai suna Méduse ya kafe a can a 1816. Ƙarƙashinsa ciyawa ce shimfiɗe, inda 'ya'yan kifi ke girma kafin su fita babbar teku, tsuntsaye kuma fiye da miliyan 2 sukan zo daga Turai da Sibiriya su ci rani. Monod ya lura in manyan jiragen su suka share wannan wuri, kifin gaɓar duka zai ragu. Ya yi ta jan hankalin hukuma, har a 1976 Gwamnatin Shugaba Mukhtar Wuld Dada ta keɓe wajen murabba'in mil 4,600, rabi tudu rabi ruwa, ta mai da shi hurumi. A 1989 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gādon duniya.

To, sa hannu a takarda ba wuya, tsaron teku shi ne aiki, don ruwa ba ya karɓar shinge. Dabarar da aka yi ta ba mu sha'awa. Ba a kori Imragen ba, watau masuntan da suka gāji wurin kaka da kakanni. An bar musu su, amma da jiragen filafilai kaɗai, mai inji kuwa ba ya shiga. Aka sa jiragen sintiri da na'urar hangen jirage, wanda aka kama ya keta iyaka a ci shi tara. Dokar da aka yi a 2000 ta ƙarfafa wannan tsari.

Duk da haka ba a rasa gardama ba. Da 'yan kasuwa suka fara sayen fukafukan kifin shak da tsada don kai wa Asiya, Imragen ɗin da kansu suka dukufa kamunsa. Sai a 2003 suka yarda su bari, aka karɓi tarunsu aka biya su diyya.

Monod bai ga wannan sulhu ba. Ganinsa ya yi rauni ƙwarai, amma har ya haura shekara 90 yana komawa hamada. Ya mutu a Versailles ran 22 ga Nuwamba, 2000, yana da shekara 98.