Mary Slessor: Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Karatu: Irmiya 29:4-7, 1 Korintiyawa 9:19-23

Lokacin da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, jikinsu ne kawai ya tafi, hankalinsu yana Urushalima. Annabawan ƙarya suna ta sanyaya musu zuciya cewa ba za a daɗe ba za su koma. Sai Ubangiji ya aika musu da wasiƙa ta hannun annabi Irmiya, ya umarce su su gina gidaje su zauna, su yi shuka su ci amfanin ƙasar, su nemi zaman lafiyar birnin, su kuma yi masa addu'a. Umarni ne mai wuya ga wanda yake kewar gida. A yau ma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu aiki ya kai su Ingila, ko Kanada, ko ƙasashen Larabawa, wasu kuma suna ɗaure kaya. Domin su, da mu da muke musu addu'a, bari mu duba rayuwar wata baiwar Allah wadda ta yi irin wannan tafiya, sai dai ita daga Turai ta taso ta zo ƙasarmu.

Yawancinmu mun ji sunan Mary Slessor tun a firamare, a matsayin matar da ta yi yaƙi da kisan tagwaye a Kalaba. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda ta yi zaman yau da kullum: abin da ta ci, inda ta kwana, harshen da ta yi magana da shi, da waɗanda suka zama maƙwabtanta. A nan ne aikinta ya samo ƙarfinsa.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1848, a Aberdeen ta ƙasar Sikotland. Mahaifinta mai ɗinkin takalma ne, amma giya ta cinye sana'arsa. A 1859 iyalin suka koma birnin Dundee neman abinci. Mary tana da shekara 11 ta shiga masaƙar Baxter, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta kai 14 sai ta koma aiki na cikakken yini, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Mahaifiyarta mai bi ce ƙwarai, takan karanta wa 'ya'yanta labaran aikin bishara da ikkilisiyarsu ta fara a Kalaba tun 1846. Mary ta ba da ranta ga Almasihu tana yarinya, ta kuma yi shekaru tana koyar da yaran unguwannin talakawa a makarantar Lahadi. Bayan mutuwar David Livingstone a 1873 ta ji kiran ya yi mata nauyi, ta miƙa kanta ga hukumar mishan. Ranar 5 ga Agusta, 1876, ta hau jirgin ruwa mai suna Ethiopia, tana da shekara 27. Albashinta fam 60 ne a shekara.

Bayan kusan wata guda a teku ta sauka a Duke Town, cikin Kalaba. Gidan mishan yana kan tudu, garin kuma yana ƙasa a bakin kogi. A kan tudun ana zaman Turai ne: abincin gwangwani da jirgi yake kawowa, dogayen riguna masu nauyi duk da zafi, da ƙa'idar lokaci mai tsanani. Uwargidan tsohon ɗan mishan William Anderson tana da doka cewa wanda ya makara ba shi da abinci, Mary kuwa ta sha makara, domin in ta shiga gari gaishe-gaishe ba ta lura da rana. Ta ga cewa muddin tana bukatar tafinta, hirarta da matan gari ba za ta wuce gaisuwa ba. Saboda haka ta duƙufa kan harshen Efik. Ta koye shi a littafi, ta kuma koye shi a kasuwa da cikin gidajen mata, har ta iya karin maganarsu da barkwancinsu, har masu harshen da kansu suka shaida ta iya.

Kada mu ɗauka shekarun farko sun zo mata da sauƙi. Zazzaɓi ya riƙa kayar da ita, kuma a lokacin ba a ma gano cewa sauro ne yake kawo shi ba. Turawa da yawa sun mutu a wannan gaɓar teku cikin 'yan shekarun zuwansu. Kewar mahaifiyarta ta dame ta ƙwarai. A 1879 ciwo ya tilasta mata komawa gida, ta isa a rame. Wanda ya ganta a lokacin zai iya cewa kiran nan ba nata ba ne. Ɗan'uwa, in kana cikin shekararka ta farko a baƙuwar ƙasa, sanyi ya hana ka sakewa, abinci ba ya maka daɗi, kana kuka a ɗaki ba wanda ya sani, wannan ba shaida ba ce cewa Allah bai aike ka ba. Mary ma ta bi ta nan.

Da ta dawo a 1880 aka tura ta Old Town, kimanin mil uku daga Duke Town, inda za ta zauna ba tare da wani Bature ba. A nan rayuwarta ta juya, kuma abin da ya juya ta ba wani babban wahayi ba ne, lissafin kuɗi ne. Kaso mai yawa na albashinta tana barin shi a Sikotland domin mahaifiyarta da ƙannenta mata, abin da ya rage ba zai sayi abincin da ake kawowa daga Turai ba. Sai ta koma cin abin da maƙwabtanta suke ci, doya da ayaba da kifi da manja. Shayi ne kaɗai ta riƙe daga cimar gida. Ɗakinta na jar ƙasa ne da rufin ganye. Duk wanda yake aika kuɗi gida ƙarshen wata ya san wannan lissafi. Abin da ya fara a matsayin tsimi, Ubangiji ya mai da shi ƙofa. Matar da take cin abincinku, take zaune a irin ɗakinku, ba a jin nauyin shiga wurinta da dare in yaro ba shi da lafiya.

Ta haka aka fara kawo mata jarirai. A al'adar wurin a wancan zamani ana ganin ɗaya daga cikin tagwaye ɗan mugun ruhu ne, tun da kuwa ba a san wanne ba, sai a hallaka duka biyun, a kori uwar. 'Yan mishan da suka riga ta, tare da wasu sarakunan Efik, sun daɗe suna yaƙi da wannan, amma a ƙauyuka ana ci gaba a ɓoye. Mary ta riƙa ɗauko jariran tana renonsu a ɗakinta, a gaban idon kowa, domin mutane su ga suna girma kamar sauran yara kuma ba wani bala'i da ya sauko. Ɗaya daga cikinsu ta sa mata suna Janie, sunan ƙanwarta, ta tafi da ita Sikotland a 1883.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mary ta ɗanɗani ɗacin wannan magana. Ta koma Kalaba a ƙarshen 1885, cikin 'yan watanni kuwa labari ya iso cewa mahaifiyarta ta rasu, sai kuma ƙanwarta Janie. Ba ta ga gawarsu ba, ba ta tsaya a bakin kabarinsu ba, wasiƙa ce kawai ta zo bayan an riga an binne. Wannan ciwo ne da masu zama a ƙetare suka sani. Ta yi makoki sosai. Bayan haka ta roƙi hukumar mishan ta bar ta ta shiga can cikin ƙasa, tun da yanzu babu wanda zai kwana da fargaba a gida saboda ita.

A watan Agusta na 1888 ta ƙaura zuwa Okoyong, yankin da ko 'yan kasuwar Kalaba suke tsoron shiga. Ta sauka daga kwalekwale da almuru, ana ruwa, ta bi daji da ƙafa tare da yara biyar zuwa ƙauyen Ekenge. Sarkin ƙauyen, Edem, ya ba ta ɗaki a sashen matansa, nan ta yi watanni cikin hayaniya da awaki da kaji, ba ta da wurin kaɗaita ko don addu'a. Ta aske gashinta ya zama gajere, ta ajiye takalmi da hula da rigunan Turai masu nauyi. Da aka zo ginin gidanta da ɗakin sujada, da hannunta ta kwaɓa ƙasa. Kwanaki sukan rikice mata, har an taɓa samunta a kan rufi tana gyara ranar Lahadi, tana zaton Litinin ce. Ta sami ƙawa ta gaske, Ma Eme, 'yar'uwar sarki, wadda takan aiko mata da labari a asirce in ana shirin zubar da jini. Ma Eme ba ta bar addinin kakanninta ba, duk da haka Mary ta ƙaunace ta, ta riƙe amanarta.

Akwai magana cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Mary ta bi wannan a kan abinci da sutura da harshe, amma ta san inda za ta tsaya. A 1889 gungumen itace ya faɗo wa Etim, ɗan sarki Edem, ya yi jinya ya mutu. Boka ya ɗora laifin a kan mutanen wani ƙauye, aka kamo maza da mata aka ɗaure su da sarƙa domin a kashe su a jana'iza, ko a ba su gubar gwaji. Mary da wani kafinta ɗan ƙasarta, Charles Ovens, suka riƙa karɓa-karɓa suna zaune kusa da fursunonin dare da rana. Ta yi ta roƙo da gardama da sarki cikin harshensa har aka sake su, aka yanka saniya a maimakonsu. Me ya sa Edem ya saurare ta cikin zafin mutuwar ɗansa? Ita ce ta yi jinyar yaron, ita ce ta shirya gawarsa, kuma a gidansa ta zauna. Da baƙuwa ce mai leƙowa daga kan tudu, da maganarta ba ta wuce ƙofar gida ba.

Daga nan mutane suka riƙa kawo mata ƙararraki, takan zauna sa'o'i tana saƙa da allura tana sauraron kowane ɓangare. A 1892 gwamnatin Birtaniya ta naɗa ta mataimakiyar jakada mai shugabantar kotun gargajiya ta Okoyong. Ta haɗa mutanen yankin da 'yan kasuwar Kalaba, ta kuma matsa a kafa makarantar koyon sana'a, wadda aka buɗe a 1895 da sunan Hope Waddell. Tana da alkawarin aure da wani malamin mishan, Charles Morrison, amma hukuma ba ta yarda ya koma Okoyong ba, ita kuma ba ta ga za ta iya barin mutanenta ba, auren bai yiwu ba. Bayan 1902 ta ƙara nausawa zuwa Itu da ƙasar Ibibio. Jama'a suka riƙa kiranta Ma, wasu kuma uwar dukan mutane.

Ba duk abin da ta yi ne abin koyi ba. Ba ta damu da tafasa ruwan sha ba, ba ta cika kwana a gidan sauro ba, takan kuma yi aiki har jiki ya ƙi. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka raunana ta, a ƙarshe sai a keken turawa ake kai ta ƙauyuka. Jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, sabawa da wuri kuma ba ta nufin wasa da lafiya. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, a Use Ikot Oku, 'ya'yan da ta rena suna kewaye da ita. An kai gawarta ta kogi zuwa Duke Town, aka binne ta a ƙasar da ta yi kusan shekara 39 tana hidima.

Ƙaunatacce, in Ubangiji ya kai ka wata ƙasa, kwance akwatinka. Koyi gaisuwar mutanen wurin, ka san sunan maƙwabcinka, ka ci abincinsu da godiya, ka nemi ikkilisiya ka zama mai hidima a cikinta. Kada ka yi shekara biyar jikinka yana can, ranka duka yana cikin waya. Ka riƙa tunawa da na gida, ka kuma san abubuwan da ba za ka taɓa sayarwa ba ko da kowa a wurin aiki yana yin su. Manzo Bulus ya bi da kansa daidai da kowane irin mutane domin ya ribato waɗansu, bai kuwa saki Almasihu ba. Ranar da za a bukaci ka faɗi gaskiya mai wuya a wurin, zaman da ka yi da mutane ne zai sa a saurare ka.

Addu'a: Ya Uba, muna kawo maka 'yan'uwanmu da aiki ya kai su nesa da gida. Ka ta'azantar da masu kewa da masu makoki. Ka buɗe bakinsu ga sabon harshe, ka ba su abokai na gari, ka tsare lafiyarsu. Ka cika su da Ruhunka domin su san abin da za su karɓa da abin da za su ƙi. Bari garin da suke zaune ya sami albarka ta dalilinsu. Cikin sunan Yesu. Amin.

Abin yi yau: Kira wani ɗan'uwa da yake zaune a ƙetare, ka tambaye shi yadda yake da gaske, ka yi addu'a tare da shi kafin ka ajiye waya.