Fanny Crosby (1820–1915): Makauniyar da Ta Sa Waƙa a Bakinmu

A shekaru hamsin ɗin nan mun sha rera waƙoƙin wata baiwar Allah, da yawanmu kuwa ko sunanta ba mu sani ba. Ita ce Fanny Crosby, wadda aka haifa a jihar New York ta Amurka ran 24 ga Maris, 1820. Tana da mako shida a duniya ta makance, kafin ta cika shekara kuma mahaifinta ya rasu. Uwarta da kakarta suka rene ta. Tun tana yarinya ta haddace littattafai biyar na Musa da Bishara huɗu. A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, daga baya ta zama malama a can.

Ba da waƙoƙin sujada ta fara suna ba. A shekarun 1850 takan shirya kalmomin waƙoƙin duniya, George Root ya sa musu murya. Ɗaya daga ciki, Rosalie, the Prairie Flower, ta game ƙasa har ta kawo wa Root kusan dala 3,000. Ita kuwa dala ɗaya ko biyu ake ba ta a kan kowace waƙa, sau da yawa ma ba a sa sunanta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

A 1858 ta auri Alexander van Alstyne, shi ma makaho ne, makaɗin molo mai iska na majami'a. Sun sami haihuwa ɗaya a 1859, jaririn bai daɗe ba ya rasu. Da ƙyar takan yi zancen wannan rashi.

Daga 1864, bayan ta sadu da William Bradbury, ta juya ga waƙoƙin bishara. Takan gama waƙa sarai a cikin kanta, sa'an nan ta faɗa wani ya rubuta. Ta shirya fiye da 8,000. Yawansu ya sa aka buga wasu da sunayen aro wajen 200, domin kada littafi guda ya cika da suna ɗaya. Wasunsu an juya su Hausa, muna rera su har yau.

Ta zauna a unguwannin matalauta na New York, tana kai bishara wurin mashaya da marasa wurin kwana. Ta huta ran 12 ga Fabrairu, 1915, a garin Bridgeport, tana da shekara 94.